Shekarar da Kakana Ya Yi Kiwon Kuɓewa

Ran nan a kasuwa na tsaya gaban wata mai kayan miya, na ɗauki ɗanyar kuɓewa guda na karya bakinta da babban yatsa, yadda kowace mace take yi don ta gane ko ta tsufa. Kuɓewar ta ce ƙas, sai ƙaiƙayin gashinta ya kama min yatsu. Ban san lokacin da na daina jin hayaniyar mutane da hon ɗin keke napep ba. Sai ga ni a bayan ɗakin girkinmu na unguwar Dogo Tebo, ina 'yar yarinya, raɓa ta jiƙa min ƙafa, wani dogon tsoho yana sunkuye a gabana yana leƙa ƙarƙashin ganye. Bari in ba ka labarin tsohon nan, domin har yau ban gama mamakinsa ba.

Kakana ne, mahaifin Baba. Bafulatanin daji ne na ainihi, wanda bai taɓa kwana ƙarƙashin rufin kwano ba sai da tsufa ya cim masa. An ce a zamaninsa idan garkensa ya sauka bakin tafki, sai sauran makiyaya su jira. Ciwo ya shiga shanun a wata shekara, abin da ciwo ya bari kuma ɓarayi suka kora a wata. Baba, wanda tun yana saurayi ya shigo Potiskum yana dillancin shanu a kara, wato kasuwar dabbobi, ya je wata ruga can bayan Nangere ya lallashe shi ya dawo gari. Kaka ya yarda, amma ya ƙi shiga mota. Da ƙafa ya tako, yana tafe wata tsohuwar farar saniya tana bin sa, ita kaɗai ta rage masa. Kayansa duka ba su wuce sanda, da malfa, da buta, da wata baƙar ƙwaryar tatsa da hannu ya goge har tana sheƙi ba.

Aka kafa wa saniyar turke a bayan ɗakin girki. Wani ɗan fili ne da katangarsa ta zube ta gefe ɗaya, inda Inna take watsa ruwan wanke-wanke da sharar kayan miya. Can Kaka yake wuni. Yana shafa wuyan saniyar, yana cire mata kaska, yana yi mata magana da Fulatanci a hankali kamar mai ba da haƙuri. Ta daɗe da daina ba da nono, shi kuwa bai taɓa nuna ya lura ba. Da zafin bazara ya tsananta ta kwanta ta kasa tashi, aka kira mahauci kafin ta mutu a banza. Kaka ya bar gidan tun kafin a wasa wuƙa, bai dawo ba sai da aka wanke wurin. Naman kuwa ko kallonsa bai yi ba.

Daga ranar ya zauna. Ba ciwo ba ne irin wanda ake nuna wurinsa. Ya shimfiɗa buzunsa a inuwar ɗakinsa inda yake hango turken, in ba salla ba babu abin da yake tayar da shi. Ni ce mai kai masa abinci, domin Inna tana jin nauyinsa irin na surukan da. Ba ta kama sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in zai wuce sai ta juya ta ba shi hanya. Duk maganar da ke tsakaninsu ta bakina take bi. Zan kai kwano cike, in dawo da shi cike. Inna ta gwada biski, ta gwada tuwo mai laushi, ta aika aka sayo nono aka dama masa fura. Ya sunsuna ya ajiye. Da can yakan tsokane ni, ya ce ni ce amaryarsa, ni kuma in ce ba na son miji marar haƙora. Wannan ma ya bari.

Baba ya kai shi asibiti, aka duba aka ce babu abin da aka gani, a dai sa shi ya ci abinci. Baba ya ce zai sayo masa wata saniyar a kara. Kaka ya girgiza kai ya ce, “Wadda za ka sayo ba ta san muryata ba, ni ma ban san uwarta ba.” Wata rana da yamma na ji Baba yana gaya wa Inna cewa tsoro yake ji tsohon ba zai ga ƙarshen damina ba. Ya ce zai sa a kawo bulo a gina shago a filin nan, ƙofarsa ta kalli titi, ko Kaka ya daina zuba wa turken ido.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka. Wanda ya yi bazara a Potiskum ya san yadda mutum yake jiran wannan ruwa, ya san ƙamshin da ƙasa take yi har yaro ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Bayan 'yan kwanaki wurin turken ya yi kore. Kashin saniyar da ya taru ya sha ruwa ya ruɓe, wasu 'yan tsirrai masu ganye bibbiyu suka cika wurin. Ba wanda ya kula da su sai awakin maƙwabta, waɗanda suka saba shigowa ta inda katanga ta zube.

Ina wanke kofuna da hantsi na ji wata irin murya da ban taɓa ji a gidanmu ba, doguwa mai kauri, wadda aka yi don ta ratsa daji. Awakin suka watse suna karo da juna. Na juya na ga Kaka a tsaye, sanda a sama, ƙafafunsa suna rawa saboda rashin ƙarfi. Ya taka a hankali har wurin, ya tsuguna, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira ni.

“Amarya, zo ki gaya min. Mene ne wannan?”

Ka ji mutumin da ya san kowace ciyawa a daji, wadda take ƙara nono da wadda take kumbura cikin saniya, amma bai san abin da ya tsiro a gidan ɗansa ba. Ni ma ban sani ba. Na ruga na tambayi Inna. Ta leƙo ta bakin ƙofar ɗakin girki, ta ce in gaya masa ƙananan kuɓewa ce, mai faɗin ganyen kuma kabewa, 'ya'yan da take zubarwa cikin shara ne suka fito. Na kai saƙo. Bai musa ba, sai dai ya ce a daidai inda saniyar take kwantar da kanta suka fito. Ranar da la'asar ya fita daga gidan, ya tafi bayan gari ya saro ƙaya ya jawo ta a ƙasa har gida, ya kewaye wurin da shinge irin wanda ake yi wa maruƙa. Da na kai masa tuwon dare ya ci loma kaɗan. Inna ta daɗe tana duba gurbin yatsunsa a cikin kwanon.

Labari ya kai ga kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Hajja. Babarbariya ce, gajeriya mai tsage a fuska, iyayenta fatake ne daga Barno, kuma gidanta ba nisa da namu. Hausarta takan mayar da namiji mace, ba ta kuma damu ba. Ka san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Abin da Inna ba za ta iya furtawa ba ko a mafarki, Hajja tana faɗa wa Kaka a gaban kowa, ta ƙara da dariya. Ta zo ta tsaya a kan shingen ta riƙe haɓa, ta ce ashe za ta ga ranar da Fulata zai yi gadin miya. Sannan ta ce tsirran sun yi yawa, sun matse juna, sai an cire wasu a bar masu ƙarfi. Kaka ya ce a'a, shi bai taɓa jin an kashe ɗan maraƙi don ɗan'uwansa ya yi ƙiba ba. Ba ta tsaya gardama ba, ta ɗaga ƙayar ta shiga ta hau tugewa tana watsarwa. Yana tsaye yana faɗa da Fulatanci, tana ramawa da Barbarci, ni da Inna muna ɗakin girki muna toshe baki. Da ta tafi ya bi waɗanda ta tuge ɗaya bayan ɗaya ya dasa su a gindin bango. Yawancinsu sun mutu. 'Yan kaɗan da suka rayu kuwa, har ƙarshen damina in ta zo sai ya ja ta ya nuna mata su.

Ita ce kuma ta dawo da ƙulle-ƙullen iri a bakin zanenta, yakuwa da take kira karasu, da karkashi, da alayyaho, ta haɗa masa da 'yar fartanya. Ya ce ta tafi da abarta, shi tun da aka haife shi bai sunkuya wa ƙasa ba sai a sujada. Ta jingine ta a bango ta yi tafiyarta. Washegari da sassafe na fito na same shi yana riƙe da ita nesa da jikinsa kamar wani abu mai zafi, yana sara ƙasa a karkace. Ya gan ni ya ɗaure fuska, na yi kamar buta na zo ɗauka.

Daga nan safiyata ta zama tasa. Da ya dawo masallaci zai ƙwanƙwasa sandarsa a ƙofarmu, mu tafi zagaye. Yadda yake duba shanu haka yake duba shukar, kowace da halinta a wurinsa: wannan mai haɗama ce, waccan rago, ta can kuma jiya ba ta ji daɗi ba. In ya ga ganye ya ɗan lanƙwashe zai bi har ya gano tsutsar da ta ɓuya. A wurinsa na koyi tsayawa in kalli abu. Na ga furen kuɓewa, ruwan ƙwai mai haske da jan ciki kamar an ɗiga masa jini, yana buɗewa da safe, kafin yamma ya naɗe ya faɗi, bayan kwana biyu ka ga wani ɗan kore kamar yatsan jariri a gurbinsa. Na ga ƙudan zuma suna shiga furen kabewa suna fitowa jikinsu duk gari. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne 'yan siraran hannayen kabewar. Kaka zai kafa kara kusa da ɗaya da safe, kafin azahar ta naɗe shi gam. Mun sha zama mu zuba ido don mu kama ta tana motsi, ba mu taɓa gani ba, sai mun kau da kai mu dawo mu tarar ta yi. Ya ce kunya take ji, irin ta Innata. Sai ya yi tasbihi a hankali, ya ce shekarunsa duka yana taka irin waɗannan abubuwa yana bin shanu, bai san suna da wannan aiki ba.

A tsakiyar damina ruwa ya ɗauke. Sama ta yi fes, rana ta dawo kamar bazara, har aka fita roƙon ruwa. Unguwarmu kuwa dama ruwa wahala ne, sai abin da 'yan garuwa suka turo a kura, shi ma a lokacin ya yi wuya. Ganyen kabewa da suke kamar faifai suka zube kamar tsumma, kuɓewa ta fara zubar da fure. Kaka ya koma yin alwala a gindin shukar, kowace salla da wadda za ta samu. Sai na lura ruwan shan da nake kai masa ma can yake tafiya. Na faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa Baba. Ran Baba ya ɓaci, ya ce ba zai zuba ido mahaifinsa ya kashe kansa da ƙishi saboda ganyen miya ba, ga bulo an riga an sauke a ƙofar gida, da ya sani da tuni ya gina wurin kowa ya huta. Kaka ya saurare shi har ya gama. Ya koma kan buzunsa ya zauna irin zaman nan na da.

Inna ba ta yi wa Baba musu ba, ba halinta ba ne. Amma washegari na ga ta ajiye wani tsohon bokiti kusa da murhu. Ruwan da ta wanke shinkafa, da wanda ta ɗauraye gero, da na wankin ganye, duk wanda babu sabulu a ciki, nan take juyewa. Mu yara aka ce mu riƙa wanke hannu a kansa. Da yamma ta ɗauka da kanta, ta kai bakin shingen ta ajiye, ta dawo da sauri kanta a ƙasa. Ba ta aike ni da ko kalma ɗaya ba. Da safe muka tarar da bokitin a ƙofar ɗakin girki, an wanke shi an kife. Haka suka yi ta yi kullum, ita ta ajiye, shi ya mayar. Baba ya ga abin da ake ciki. Wata rana ya dawo daga kara ya tsaya ya daɗe yana kallon mahaifinsa yana raba ruwan nan da ɗan gwangwani, kowace shuka da rabonta, bakin tsohon yana motsi. Bai ƙara tayar da maganar shago ba. Ranar da hadari ya haɗo daga gabas ruwan ya sauko, Kaka ya ƙi shiga ɗaki. Yana tsaye a tsakiyar shukarsa da malfa a ka, ruwa yana zuba ta gefenta, har aka ɗauke.

Sai kuma wata sabuwar rigima. Kuɓewa ta yi 'ya'ya jingim, Kaka ya hana a taɓa. Makiyayi ba ya son rabuwa da abin da ya rena, kallonsu kawai yake yi yana jin daɗi, suna girma suna tauri har wuƙa ba ta kama su. Inna tana gani tana sayen kuɓewa a kasuwa, ba ta da bakin magana. Hajja ce ta zo ta gani. Na zaci za ta yi masa tsiyar da ta saba, sai ta tsaya ta dube shi, ta yi magana a natse.

“Fulata, wannan ba yanka ba ne, tatsa ce. Saniyar da aka bar nono a jikinta me take yi?”

Ya ce, “Ƙafewa take yi.”

“To, ita ma haka.”

Washegari da ya ƙwanƙwasa ƙofarmu, baƙar ƙwaryar tatsar nan ce a hannunsa, wadda tun zuwansa take rataye a bango. Ya ba ni na riƙe. Yana tsinka yana bismilla, yana sakawa a hankali kamar ƙwai. Muka ƙara da yakuwa. Da ƙwaryar ta cika na juya zan kai wa Inna yadda aka saba, sai ya karɓe daga hannuna. Shi da kansa ya taka har ƙofar ɗakin girki, inda bai taɓa zuwa ba, ya yi sallama. Inna ta rasa inda za ta sa kanta, ta durƙusa tana jan mayafi. Ya ajiye ƙwaryar a gabanta ya ce, “'Yar mutanen Barno, ga abin da ruwanki ya yi. Allah ya yi miki albarka.” Ta ce amin da wata 'yar murya da ni kaɗai na ji.

Ranar ta yi tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa. Ban san yadda zan kwatanta maka ɗanɗanon abin da aka tsinka da safe aka ci da rana ba. Akwai wani zaƙi-zaƙi da ƙamshin kore a ciki wanda yake gudu in kuɓewa ta kwana a buhu. Na kai wa Kaka, ban kai ga zama ba ya kira ni ya miƙo kwano, ya suɗe shi tas, ya ce amarya ta tambayo ko da saura. Inna tana zuba ƙarin tana share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne.

Maganar Hajja ta tabbata, yadda ake tsinka haka take ƙara haihuwa, har ta fi ƙarfin tukunyarmu. Sai Kaka ya fara aike na gidajen maƙwabta, har gidan masu awakin nan. Kabewa ta hau rufin ɗakin girki ta yi 'ya'ya manya da sai Baba ya sa tsani. Duk baƙon da ya zo gaishe shi ba ya fita hannu sake. Wata rana muna yanka kuɓewar shanya ya gaya min abin da ya zaunar da shi a kan buzu. Ya ce a ruga ba a taɓa yi masa sallama ya kasa miƙa ƙwaryar nono ba, ko da wanda ya zo maƙiyinsa ne. Da ya shigo gari sai ya ga komai saye ake yi, har abin da zai kai bakinsa wani ne ya nemo, shi kuma babu abin da zai ba kowa. A lokacin ban gane sosai ba. Sai da na girma na san mutum yana iya ƙoshi ya rame.

Bulon Baba katangar da ta zube aka gyara da shi. Kaka ya ƙara shekaru masu dama a duniya, ya koyi tumatir da albasa da salak na rani, hannunsa ya yi kanta, yana tara iri a goruna yana rabarwa. Da Allah ya karɓi abinsa, matan da suka zo ta'aziyya da yawa ban san su ba. Kowace sai ta ce wa Inna ai kuɓewar da ke bayan ɗakinta irin tsohon ce. Hajja ta zauna a gefe ba ta tsokani kowa ba.

Yanzu Dogo Tebo ta cika ta batse. Filayen bayan ɗaki sun zama shaguna da ɗakunan haya, namu ma bai tsira ba bayan an raba gado. Ni kaina gidan da nake aure ko'ina siminti ne, ƙasar da za ka soka yatsa babu. Yaranmu sun san kayan miya a leda, wasu sun zaci a kasuwa ake yin su. Ba na ganin laifin kowa, gari ne ya girma, mutane kuma sai sun sami wurin kwana. Amma bana na samo tsofaffin buhunan siminti na cika su da ƙasa da taki, na jera a gindin bango inda rana take faɗawa, na ba 'yata ƙarama iri ta tura da yatsanta. Kullum sai ta je ta duba, ta dawo ta ce babu komai. Wata safiya ina shirin fita aiki ta zo ta ja ni da zane har gindin bangon. Ƙasar ta tsage, wani ɗan tsiro ya ɗago a lanƙwashe, ɓawon irin yana kansa kamar hula. Muka tsuguna mu biyu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni wa ya gaya masa inda sama take, alhali a cikin duhu aka binne shi. Na ce Allah ne. Ta gyaɗa kai ta ce, “Ashe yana jin magana.”

Ranar na makara a wurin aiki, kuma da aka tambaye ni dalili ban san ta inda zan fara ba.